Yayen Ummi

"Na'ima! Ke Na'ima! Wai ba ki jin yarinyag ga na kuka?"

Sufyanu ne ke magana daga bakin randa, buta a hannu, hula a ƙeya. A tsakar gida 'yarsu Ummi ta yi tuntuɓe da turmi ta zube, ta buɗe baki tana tsala irin ihun da maƙwabta ke rantsuwa yakan ƙetare iyaka ya shiga Ƙwanni ba wanda ya tambaye shi takarda.

Na'ima na zaune a ƙofar madafa tana tsintar shinkafa. Ta ji kukan, ta ma riga kowa ji. Hannunta ya tsaya cak a cikin faranti, idonta na kan yarinyar, amma ko gyara zama ba ta yi ba.

"Ina ji," ta ce a hankali. "Ga Inna nan tahe."

Hajiya Hadijatu, mahaifiyar Sufyanu, ta fito daga ɗaki tana jan takalmi ɗaya. Ta sunkuci jikar, wadda aka raɗa wa sunan Hajiyar shi ya sa ake ce mata Ummi, ta kaɗe mata ƙasa ta saɓa a kafaɗa.

"Ƙyale ta, kai ba ka san komi ba," ta ce wa ɗanta. "Ɗiyar hwari ta! So kake ta ɗauke ta gabana tana cilla ta sama, awa 'yan matan yanzu masu ɗaukar ɗiyansu hoto kullum? Wagga ɗiya ta san kunya. Ko Hillanin daji sai dai su gwada mata."

Sufyanu ya yi dariya. "To Inna, na yi sori. Madam, a ci gaba da kunya."

Kowa ya san al'adar. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban surukai, in ana maganarsa sai ta sunkuyar da kai kamar ba daga cikinta ya fito ba. 'Yan zamani sun fara sakin abin, shi ya sa Hajiya ta ɗauki surukarta kamar wata lambar yabo. Ba gidan biki, ba gidan suna, sai ta ba da labari. Har an ce wata tsohuwa ta taso takanas daga Gidan Katta don ta ga yarinyar da ba ta taɓa goya 'yarta ba, ta gani, ta sa albarka, ta ci tuwo ta koma.

Abin da ba wanda ya sani a gidan shi ne, ba kunya ke damun Na'ima ba. Tsoro ne.

Na'ima ba ta san fuskar uwarta ba. Auren iyayenta ya mutu tana goye. Ranar da aka yaye ta, aka ɗora ta a bayan yayar ubanta, Goggo Tasalla mai daddawa, aka kai ta Tozai da sunan 'yan kwanaki. 'Yan kwanakin nan su ne suka kai ta har aure. Uwar ta yi wani aure can cikin Nijar ta rasu, uban ma bai daɗe ba ya bi ta.

A idon mutanen Tozai, ba a taɓa riƙo irin na Tasalla ba. In ta ɗinka wa Na'ima kayan salla, sai ta zagaya da su gida-gida kafin a sa. "Ɗiyata" ba ya fita daga bakinta. Kuma ba ta duka da bulala, don bulala na da ƙara, maƙwabta na ji. Mintsini ne sana'arta ta biyu bayan daddawa. An ce in farcenta ya kama fatar jaki, sai jakin ya tuna da uwarsa. Takan kama ne a cikin cinya, inda zane ke rufewa, ta murɗa, fuskarta na murmushi tana amsa gaisuwar mai wucewa. In yarinya ta buɗe baki za ta yi kuka, sai ta sunkuyo ta ce mata a kunne: "Haɗiye shi!"

Haka Na'ima ta koyi kuka ba sauti. Yau a ba ta alewa a rungume ta, gobe a hana ta tuwo a kan laifin da ba ta sani ba. Da safe ba ta taɓa sanin wace Goggo ce za ta tashi ba. Sai kuma maganar da aka yi ta zuba mata kamar ruwan wanka: "Ke da uwarki ta yar, wa zai so ki? Irinku ba su iya riƙon ɗa. Jini na."

Sufyanu ya gan ta ne a kasuwar Lahadi ta Illela, tana tsaron tiren daddawa. Shi ɗan kasuwa ne, yana sayo dabino da cukwi daga Ƙwanni. Ya sayi daddawa ranar, ya dawo wata Lahadin ya saya, ya sake dawowa, har gidansu ya koma wari ɗaya, kuɗaje suka yi ƙaura daga mahauta suka tare a ɗakinsa. Hajiya ta gaji ta ce, "Kai, in yarinya kake so ka hwaɗi, kada ka kashe mu da miya." Aka yi biki lafiya. Ranar kai amarya ba wanda ya kai Goggo Tasalla kuka.

Yana son ta, ita ma tana son sa, amma son Na'ima irin na mai jiran kora ne. In ya yi yamma a Ƙwanni ba ta kiransa. Sai ta zauna waya a hannu tana kallo, in ya dawo ya tarar ta ninke kayanta cikin wata shuɗiyar jaka ta tura ƙarƙashin gado.

"Tahiya za ki yi?"

"A'a. Gyara nike."

In ya ce gishiri ya ɗan yi kaɗan a miya, ranar ba ta cin abinci. In ya ce, "Na'i, wallahi ina son ki," sai ta dube shi a firgice ta ce, "Mi niy yi?" In ya ɗaga hannu zai gyara hula, sai ta kauce. Shi kuwa bawan Allah ya tattara duk wannan ya sa masa suna kunyar ƙauye, ya ci gaba da murna ya samu mace mai ladabi.

Da aka haifi Ummi, likita ya ce jinin Na'ima ya hau, kada ta yi nisa da asibiti. Saboda haka ba a kai ta Tozai wankan jego ba, Hajiya ce ta dafa mata ruwa. Watannin farko Na'ima na riƙe 'yarta kamar ƙwai, tana shinshina kanta in ba kowa. Sai wata rana da azahar, lokacin Ummi na haƙori, Hajiya ta tafi gaisuwar mutuwa, Sufyanu na kasuwa. Yarinya ta kama kuka. An ba ta nono ta ƙi, an jijjiga ta ƙi, an yi mata fifita ta ƙara. Kan Na'ima ya ɗauki zafi. Can sai ta ji murya a ɗakin, sarai:

"Haɗiye shi!"

Ta waiga tana neman Goggo. Ba kowa. Daga bakinta maganar ta fito. Ta dubi hannunta, ta ga yatsu biyu sun riga sun kama cinyar jaririyar, saura murɗawa.

Ta ajiye yarinyar a kan gado ta fita da gudu, ta tsuguna bayan madafa har Hajiya ta dawo. A nan ta yanke wa kanta hukunci: Goggo ta yi gaskiya, jini ne. Hannun nan nata hannun Goggo ne. Daga ranar sai ta shayar ta miƙa. Wanka Inna, goyo Inna, rarrashi Inna. Gida kuwa ya duba ya ce ma sha Allah, kunya.

Ummi ta doshi shekara biyu, aka fara maganar yaye. Sai ga Goggo Tasalla wata Lahadi bayan an tashi kasuwa, da ƙullin daddawa da sallama mai tsawo.

Na'ima ta durƙusa har ƙasa. "Sannu da zuwa, Goggo. Kun zo lahiya?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Dube ta, ta yi ƙiba! Hajiya, Allah shi saka."

Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura. Sai da ta sha ta goge baki, sannan ta sauke abin da ya kawo ta.

"Hajiya, wankan jego an hana ni, nic ce to, likita ya hi ni ilimi. Amma yaye fa? Uwar yarinyag ga ba ta da uwa sai ni. Ko shi ma likita ya hana?"

Ran Hajiya bai so ba, don ta saba da ɗumin takwararta a baya. Amma magana ce ta gaskiya: yaye gidan kakar wajen uwa ake kai shi, kuma an riga an ci wa matar nan haƙƙi sau ɗaya.

"Haƙƙinki na, Tasalla. Ran Juma'a sai ki zo ki ɗauka."

"In ta saba kuma a bar min ita ta ɗan yi wayo. Gidan ya yi min girma tun da anka ɗauke wagga."

"Sai abin da ubanta ya ce."

Uban kuwa da ya ji, har da tafi. A ganinsa ya samu hanyar da zai girmama matarsa, ya nuna wa danginta ba a raina su ba. Ba wanda ya tambayi Na'ima. Wa ke tambayar uwa a kan ɗan fari? Ai tambayar ma cin fuska ce.

Washegari bayan la'asar Sufyanu ya same ta a ɗaki da ƙunshin cukwi.

"Madam, albishirinki! Kin kusa hutawa. Ummi za ta holide Tozai."

Ba ta karɓi cukwin ba. "Har yaushe?"

"Goggo ta ce in ta saba a bar ta ta ɗan kwana biyu. Ga Tozai ga Illela, mi a ciki? Ko a mashin sai mu leƙa."

"Ni ma 'yan kwanaki anka ce."

"Mi?"

"Ba komi." Ta murɗa bakin zanenta. "Sufyanu… in nic ce ban so fa?"

Ya dube ta da mamaki, ya zauna a bakin gado. "Haba Na'i, ki zama siriyas mana. Matar da ta riƙe ki tun kina tsumma? Ke da bakinki kin sha hwaɗa min ta riƙe ki amana. Inna ta riga ta ba da baki. In koma in ce mi? In ce matata ba ta yarda da uwarta ba?"

Maganar ta taso mata har maƙogwaro. Ta buɗe baki, sai tsohon umarnin nan ya riga ta, ta haɗiye.

"Kana ganin ni uwa ce ta ƙwarai?" Abin da ya iya fita ke nan.

"Ke da Inna ke yawo da sunanki gari-gari?" Ya yi dariya ya miƙe. "Kuma tsakani da Allah, mi za ki rasa? Yarinyar da ko ɗaukarta ba ki yi. Ina jin sai ta yi sati kahin ki lura ba ta nan."

Wasa yake yi. Ya fita yana fito, bai san ya bar wuƙa a ɗakin ba.

Na'ima ta zauna tana kallon tafin hannunta. In ta hana, wa za ta ce ya fi? Ita? Ita da ta kama kanta da yatsu a cinyar jaririya? Hannun Tozai da hannun Illela duk ɗaya ne, gara ma na Tozai ya tsufa, wataƙila ya yi sanyi. Da wannan ta lallashi kanta. Ta jawo shuɗiyar jakar nan daga ƙarƙashin gado, ta zazzage nata kayan, ta shiga ninke na Ummi. Kowace 'yar riga sai ta kai ta hanci kafin ta sa. Hawaye na zuba, amma ko wanda ke bakin ƙofa ba zai ji komai ba. A wannan fannin ta ƙware.

Ran Juma'a da hantsi gida ya cika da matan maƙwabta. An karɓo rubutun yaye daga wajen malam an ba Ummi ta sha, an shafa wa Na'ima garahuni a nono, yarinya ta kama ta ji ɗaci ta saki tana kallon uwar kamar an ci amanarta. Mai kabu-kabu na jira a waje, Sufyanu na tsaye tare da shi suna taɗin farashin mai.

Goggo Tasalla ta zo da sabon zanen goyo da wani ɗan kofin roba ja da ta sayo wa yarinyar. Ta karɓi Ummi daga hannun Hajiya ta juya ta baya ta ɗaure. Na'ima ta yi abin da ake jira ta yi: ta koma gefen madafa ta ba su baya, ta fuskanci bango.

"Ku dube ta," in ji wata maƙwabciya. "Ko waige!"

"Ai na hwaɗa muku," in ji Hajiya, amma muryarta ba ƙarfi.

Ummi ta ga baƙon baya, ta ga jaka, ta gane. Ta fasa ihu tana banƙarewa. Abin mamaki, ba Hajiya da ke goyonta kullum take miƙa wa hannu ba. Wajen bango take miƙawa.

"Nna! Nna!"

Na'ima ta dafe bango da hannu biyu. Tana jin takun Goggo ya nufi zaure, kukan na bin ta, yana ƙara sama, yana ƙara sama.

Sai ya yanke. Ɗif.

"Kai, ga gwanar reno!" in ji matan. "Har ta yi shiru!"

Duk gidan mutum ɗaya ce ta san irin wannan shirun. Yaro in ya gaji da kuka, saukowa yake a hankali, da shessheƙa da ajiyar zuciya. Wannan kuwa yankewa ya yi kamar an toshe tulu. Na'ima ta waiga.

Hannun Goggo na baya, ya shige ƙarƙashin zanen goyo. Fuskarta na murmushi tana sallama da mata. Bakin Ummi a buɗe yake wangame, ido ya firfito, ba sauti. Goggo ta ɗan karkata kai ta kafaɗa, leɓenta ya motsa. Ba sai Na'ima ta ji ba.

"Hadijatu!"

Sunan da ba ta taɓa furtawa ba ke nan, na 'yar fari kuma na suruka, ta kwarma shi a tsakar gida gaban jama'a. Waɗanda suka halarta sun ce har kazar da ke tono ta tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Kafin kowa ya farga ta isa zaure, ta fizge ƙullin zanen, ta zare yarinyar ta manna a ƙirji. Nan take kukan da aka tsare ya ɓalle.

"La ilaha illallahu!" Goggo Tasalla ta dafe ƙirji. "Yau na ga rashin kunya! Hajiya, wagga ce kike yabo?"

Sufyanu ya faɗo gidan da gudu. Ya ga matarsa ba ɗankwali, ya ga mata sun riƙe baki, kunya ta rufe shi.

"Na'ima, kin haukace? Ba Goggo haƙuri ki miƙa mata yarinya! Yanzu!"

Ya ɗaga murya, abin da bai taɓa yi ba. Amma Na'ima ba ta miƙa ba. Ta ɗage rigar Ummi, ta juya cinyar wajen haske.

Sawun farce biyu, ja wur, ɗaya har ya ɗan yi jini.

"Sufyanu," ta ce, murya na karyewa, "tabon nan da kake gani jikina, da nic ce maka na ƙyanda ne… ba ƙyanda ba ne."

Ya dubi cinyar 'yarsa. Ya dubi matarsa. Ya san tabon, baƙaƙe ƙanana bila adadin, ya taɓa yi mata ba'a a kansu ma.

Goggo Tasalla ba ta yi musu ba. Ta gyara mayafi.

"To mi? Mintsini na kisa? Ni da taɓarya anka rene ni gidan kawuna a Lafani, hannun ga har yau bai miƙewa, ga ni ban mutu ba. Da ban yi miki haka ba, kin zama mutum har wani ya kwasa? Na ci da ke, na sha da ke, yau ni za ki tona gaban mutane?"

Ta duba ko wata za ta kama mata, kowa ya sunkuyar da kai. Ta naɗe sabon zanen goyon ta cusa a hammata, ta fita. Ɗan kofin nan ja ya faɗi a zaure, ta tsaya kamar za ta ɗauka, ta fasa. Mai kabu-kabu ya ce har suka isa Tozai share ido take da bakin mayafi tana cewa iska ce. Ba ta sake taka gidan ba.

Mata suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, kowace na sauri ta riga 'yar'uwarta kai labari. Gida ya rage su huɗu. Sai a lokacin Na'ima ta ga abin da ke hannunta, tsoron ya dawo mata sabo. Ta nufi Hajiya tana miƙa yarinyar.

"Inna, karɓe ta. Don Allah karɓe ta. Ni ma haka nike! Ranar da kunka tahi gaisuwa, tana jaririya, na ce mata ta haɗiye, na kama mata cinya da hannun ga. Ban iya ba, Inna, jini na, uwata ma ba ta iya ba…"

Hajiya ta mai da hannuwanta baya ta harɗe.

"Ba ni karɓa."

"Inna!"

"Kin murɗa?"

"A'a."

"Mi ya hana ki? Akwai kowa gidan?"

"Ba kowa."

"To ba kowa, ba mai gani, kin kama kin saki. Waccan gaban mutane cike da gida ta kama ba ta saki ba. Kuma ki ce min hannunku ɗaya?" Ta zauna a kan turmi, ta yi ajiyar zuciya. "Zauna, ɗiyata. Laihi nawa na. Kin ga wanga da ke tsaye awa an dasa shi? Ɗan hwarina na. Har yau ban taɓa kiran sunanai gaban uwayen mijina ba. Amma in an tahi gona, sai in tura ƙyaure in ɗauke shi in yi ta sumbatar ƙahwahunai, ina yi mai waƙa har in gaji. Kowace uwa haka take yi. Kunya ta tsakar gida ce, ba ta shiga ɗaki. Na zaci ke ma in kin shiga haka kike. Ashe ni ina yawon yabo, ke kina ƙonewa."

"Inna, ƙahwahuna kuma?" in ji Sufyanu, yana share ido da hula.

"Rufa min baki. Kai da ka kwana ɗaki ɗaya da mace shekaru ba ka san mi ke cin ta ba."

Ya zo ya durƙusa gaban matarsa, a hankali, hannuwansa a ƙasa inda za ta gan su.

"Na'i, ki yahe min. Maganar da niy yi rannan… wallahi ban sani ba."

"Ba za ka mai da ni ba?"

"In mai da ke ina? Nan na gidanku."

Ummi ta yi luf a ƙirjin Na'ima tana shessheƙa, ta cusa hannu a wuyan rigar uwar ta riƙe gam.

A gida aka yi yayen, kuma kada wani ya ce muku ya zo da sauƙi. Yarinya na neman nono, nono ya haramta, ga Hajiya ta ƙirƙiro ciwon baya na musamman wanda ba ya tashi sai an miƙo mata jika. Dole Na'ima ta koyi rarrashi da hannu da baki. Goyon farko da ta yi, sai da Hajiya ta ɗaure mata zanen, ta yi ta tafiya a sunkuye kamar mai ɗauke da tulun da ya tsage. Wani lokaci kukan kan kai ta bango, ta ji tsohuwar muryar nan na tasowa. Sai ta ajiye yarinyar a tabarma ta ce, "Inna, ya zo." Hajiya ta matso ta zauna kusa ba tare da ta ɗauka ba, Na'ima ta je ta wanke fuska a randa, ta dawo ta ɗauki abarta. Da farko kullum ne. Daga baya sai jefi-jefi. Bai taɓa ɗaukewa gaba ɗaya ba.

Sufyanu ma ya shiga makaranta. In zai yi yamma a Ƙwanni sai ya kira, in ba netiwok ya hau tudu ya nema. Ya daina gyara hula kusa da ita sai ya ce, "Madam, hula zan taɓa." Ranar da ta fara yi masa dariya a kan haka, ya ce ranar ce aka ɗaura musu aure na gaskiya. Shuɗiyar jakar ta koma ƙarƙashin gado da kayan Na'ima a ciki, ya gani bai yi magana ba. Sai bayan damina ya shiga madafa neman ashana, ya tarar da ita a rataye cike da busasshiyar kuɓewa.

Unguwa kuwa ba ta yafe ba. Har yau in Na'ima ta wuce da goyo, akwai masu taɓe baki su ce ga wadda ta kira sunan suruka ta kori uwar riƙonta. Hajiya ta rasa labarin da take ci da shi a gidan biki. Ita ma Na'ima, in Lahadi ta yi ta ji warin daddawa, takan tuna da Goggo, don duk da komai ba ta da wata uwa da ta sani sai waccan. Takan aika mata da dabino. Ba a taɓa dawo da shi ba, ba a kuma taɓa aiko da godiya ba.

Abin da ke cikin wannan labari ba ɓoyayye ba ne. Yaron da aka hana kuka ba ya mantawa, girma kawai yake yi, wata rana ya riƙe nasa ɗan yana tsoron hannunsa. Masu riƙon 'ya'yan mutane su ji tsoron Allah, don abin da suke murɗawa a ɓoye har jikoki yake kaiwa. Mazaje da surukai kuma, in kun ga mace ta yi shiru, ku tambaya kafin ku yaba. Wadda kuma aka yi wa, ta sani ba jini ba ne. Koya mata aka yi, kuma da haƙuri da mutanen da za su zauna kusa, ana koyon wani.

Rannan Ummi ta sake karo da turmin nan, don ita da shi ba sa shiri. Hajiya na zaune, Sufyanu na alwala. Na'ima ta ture farantin shinkafa ta isa kafin kowa ya motsa, ta ɗauke ta ta ɗora a kafaɗa.

"Yi kukanki," ta ce mata a kunne. "Yi da ƙarhi. Ina ji."